Mun bar babban dandali: ina za mu kafa zauren da ba za a rufe mana shi dare ɗaya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne. Shekara shida muna da zaure a wani babban dandalin sada zumunta, inda malamai ke musayar tsarin darasi da tambayoyin jarrabawa, ni ne kuma admin. Rannan aka wayi gari an kulle asusuna ba tare da wani bayani ba, sai da na yi mako uku ina bi kafin a buɗe. Na yanke shawarar mu tashi. Na ji ana maganar Mastodon da Lemmy, wai su ba su da mai su. Gaskiya ne? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima da kuke yi wa junanku da ɗalibai. Na fahimci zafin abin da ya same ka, domin wahalar shekara shida ce ka ga tana neman salwanta a hannun wanda ko sallama ba ka taɓa yi da shi ba.

Bari in fara da gyara maganar da aka gaya maka. Waɗannan wurare suna da masu su, yawa ne kawai da su. A dandalin da ka baro, mai gida ɗaya ne, kamfani ne da ke wata ƙasa, ba ka san fuskarsa ba, shi ma bai san da zamanka ba. A nan kuwa gidaje ne dubbai, kowanne da mai shi, kowanne da dokokinsa, kai za ka zaɓi inda za ka sauka, in ka ga dama ma ka gina naka. Saboda haka babban aikin da ke gabanka shi ne zaɓen mutumin da za ka damƙa wa amanar zaurenku. Zaɓen manhaja abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da wannan.

Yadda abin ke aiki, ka dubi wayar da ke hannunka. Mai layin MTN yana kiran mai Airtel, mai Glo ya tura masa saƙo, ba wanda ya ce sai ka sayi layinmu kafin ka gaisa da ɗan'uwanka. Kamfanonin daban-daban ne, amma sun yarda da ƙa'ida ɗaya ta isar da magana. Manyan dandalan sada zumunta ba haka aka gina su ba: mai asusu a Facebook ba zai iya bin mai asusu a X (tsohon Twitter) ba, kowanne ya zagaye kansa da katanga. A watan Janairun 2018 hukumar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta amince da wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda ke ba uwar garke damar tura rubutu da sharhi da sanarwar "wane ya bi wane" zuwa wata uwar garken da ba ta hannun mutum ɗaya. Uwar garke ita ce kwamfutar da ke kunne dare da rana tana riƙe da asusun mutane, ita zan riƙa kira gida daga nan. Mastodon, wadda wani matashi a Jamus mai suna Eugen Rochko ya fitar a 2016, tana magana da wannan ƙa'ida. Haka Lemmy da ta fito a 2019, da PeerTube ta bidiyo, da Pixelfed ta hotuna. Tarin gidajen nan gaba ɗaya shi ake kira Fediverse. Adireshinka a ciki kamar na imel yake: sunanka, sai alamar @, sai sunan gidan da ka sauka.

Ga irin buƙatarku, Lemmy ta fi Mastodon dacewa. A Mastodon mutane ake bi, rubutu gajere ne, haruffa 500 a yawancin gidaje, kuma magana na wucewa kamar ruwan kwata, abin da aka faɗa jiya ya yi nisa yau. A Lemmy kuwa zaure ake buɗewa kan maudu'i, wani ya kawo batu, sauran su yi sharhi a ƙarƙashinsa, kowace amsa a jingine da wadda ta jawo ta. Malamin lissafi da ya zo bayan wata shida zai iya nemo tattaunawar da aka yi kan koyar da kusurwoyi ya karanta daga farko har ƙarshe. Akwai kuma PieFed da Mbin masu irin wannan tsari, duk suna jin maganar juna da Lemmy.

Amma ka ambaci tambayoyin jarrabawa, wannan ya sa dole in tsaya a nan. Ka ɗauka duk abin da aka rubuta a zauren Lemmy a bainar jama'a yake. Ɗalibinka ba ya buƙatar asusu kafin ya karanta, kuma da zarar wani daga wani gida ya shiga zauren, kwafin rubutun zai riƙa zuwa can. In ka goge abu, gidanku zai aika wa sauran gidaje cewa a goge, yawanci suna yi, amma ba mai iya tilasta musu. Hatta saƙon sirri na Mastodon da Lemmy ba a kulle yake daga waya zuwa waya ba, mai gidanka da mai gidan wanda ka aika wa suna iya karantawa idan suka buɗe rumbun bayanai. Don haka tsarin darasi da shawarwarin koyarwa su tafi zaure. Tambayoyin jarrabawa da sunayen ɗalibai da sakamakonsu su tafi wurin da saƙo ke kulle, irin Signal, ko Matrix wadda ita ma gidaje da yawa ce ta wani tsarin daban.

Yanzu batun ƙaura. Ba ku ne na farko ba, kuma akwai darasi a cikin abin da ya faru da waɗanda suka riga ku. Da Elon Musk ya kammala sayen Twitter kan dala biliyan 44 a ƙarshen Oktoban 2022, mutane suka yi ta kwarara Mastodon. Rochko da kansa ya bayyana cewa masu shiga a wata sun tashi daga kimanin 300,000 zuwa miliyan 2.5 cikin ɗan lokaci. A 2023 kuma Reddit, wani babban dandalin zauruka mai tsari irin na Lemmy, ya sa kuɗi mai tsada kan ƙofar da manhajojin wasu ke bi su shiga dandalin, har mai manhajar Apollo ya ce zai riƙa biyan kusan dala miliyan 20 a shekara, ya rufe ta ran 30 ga Yuni. Tun ran 12 ga watan dubban zauruka suka rufe ƙofa don nuna fushi, a lokacin ne Lemmy ta samu jama'arta. Sai dai a duka biyun, bayan 'yan watanni adadin ya ragu sosai. Da yawa sun buɗe asusu, sun leƙa sau biyu ko uku, sun koma inda suka fito.

Na ga dalilin da idona. Wani abokina ɗan jarida ya same ni a teburin mai shayi bayan isha'i, ya miƙo min wayarsa ya ce in buɗe masa asusu. Muka zaɓi gida, ya sa kalmar sirri, ya tabbatar da imel, shafin ya buɗe fari fat, ko rubutu ɗaya babu. Ya ja yatsa ƙasa sau uku, ya dube ni ya ce, "To ina mutanen?" Na ce masa a nan ba wanda zai zaɓa maka abin da za ka gani, sai wanda ka bi da hannunka. Ya bi mutum biyar da bai sani ba, duk Turawa masu maganar kwamfuta, ya kurɓe sauran shayinsa ya mayar da wayar aljihu. Bai sake buɗewa ba. Ba laifinsa ba ne, ni ne na kai shi garin da ba shi da kowa na bar shi a tasha. Abin da ke riƙe mutum a dandali jama'arsa ce, kuma a nan kun fi shi sa'a nesa ba kusa ba, domin ku jama'a ce da ta riga ta san juna, kuna da abin da ya haɗa ku. Idan kuka tashi tare, ranar farko ma zauren zai yi ɗumi.

Mu a Najeriya muna da namu darasin. A farkon Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan an goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai ke nan. A tsakanin nan gwamnati ta buɗe asusu a Koo, wani dandali na ƙasar Indiya, mutane da dama suka bi ta. A watan Yulin 2024 Koo ya rufe gaba ɗaya saboda rashin kuɗi. Wanda ya kwashe kayansa ya kai can ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago, domin daga hannun kamfani ɗaya ya koma hannun wani kamfanin. Kafin nan ma, waɗanda suka fara tattaunawa da Hausa a intanet tun farkon shekarun 2000 za su tuna zaurukan Yahoo Groups, inda marubuta da masu nazarin fim suka yi shekaru suna muhawara. Kamfanin ya goge abin da ke ajiye a zaurukan, sannan ya rufe tsarin kacokan a Disambar 2020. Wanda bai kwafi nasa ba ya rasa. Wannan ya sa nake cewa tun kafin ka yi maganar tashi da kowa, ka shiga saitin tsohon dandalin ka nemi a ba ka kwafin bayananka, ka kuma sa wasu amintattu su sauke muhimman takardun da aka ɗora a zauren cikin shekarun nan shida. Yau ka yi wannan, kada ka bari sai gobe.

Kada kuma in bar ka da tunanin cewa tsarin gidaje da yawa maganin komai ne. Toshe gidaje dubbai ya fi toshe adireshi ɗaya wuya, haka ne, amma ana iya toshe gidan da kake ciki, kuma ranar da aka kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, ba dandalin da zai buɗu.

Mu dawo kan mai gida, inda na ce nan aikin yake. Yawancin gidajen nan mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan ke riƙe da su don Allah, daga aljihunsu ko daga gudummawar mazauna. Suna gajiya, suna rashin lafiya, ana ɓata musu rai. Gidan mastodon.technology ya rufe a ƙarshen 2022 saboda mai shi na jinyar wani nasa, ya ce ba zai iya haɗa biyun ba. Gidan mastodon.lol ya rufe a 2023 bayan rigima ta kaure tsakanin mai shi da mazauna. Gidan lemm.ee, ɗaya daga cikin manyan gidajen Lemmy, ya rufe a Yunin 2025 saboda masu kula da shi sun gaji kuma ba a samu masu karɓa ba. A 2023 jami'an FBI na Amurka suka shiga gidan ɗaya daga cikin masu kula da kolektiva.social, suka tafi da kwamfutar da ke ɗauke da kwafin rumbun bayanan mazauna a buɗe. Ban kawo waɗannan don in tsorata ka ba. Na kawo su ne don ka san irin tambayoyin da za ka yi kafin ka sauke kaya.

Shekara nawa gidan ya yi? Mutum nawa ne ke riƙe da mabuɗin, in mai shi ya kwanta asibiti wa zai kula? Daga ina kuɗin ke zuwa, kuma suna bayyana lissafi? Mastodon na da wani alkawari da gida ke ɗauka kafin a sa shi cikin jerin da suke nuna wa sababbin zuwa: a riƙa ajiye kwafin bayanai kullum, a samu aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga uwar garke idan an shiga matsala, a ba mazauna sanarwar wata uku kafin a rufe, sannan a hana cin zarafin mutane. Ko da a Lemmy za ku sauka, wannan ma'auni ne mai kyau. Ni abin da nake yi shi ne in aika wa mai gidan saƙo da tambaya ɗaya mai sauƙi, in ga kwana nawa zai ɗauka kafin ya amsa, da irin lafazin da zai amsa da shi. Wannan kaɗai na nuna maka halin mutum.

Ka kuma duba maƙwabta. Kowane gida na da ikon yanke hulɗa da wani gidan, daga nan mazaunansu ba sa ganin juna. Da dandalin Gab, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kalaman ƙiyayya, ya koma amfani da manhajar Mastodon a 2019, gidaje da yawa suka toshe shi nan take. A Yunin 2023 gidan Beehaw ya yanke hulɗa da lemmy.world da wani babban gida saboda masu kula da shi sun kasa shawo kan tururuwar baƙi. Idan ka sauka a gidan da mai shi ba ya tsawatarwa, za ka wayi gari an rufe muku ƙofofi ko da kai ba ka yi komai ba, zama da maɗaukin kanwa ke nan. Yawancin gidaje na wallafa jerin waɗanda suka toshe, ka karanta shi.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman. Na farko harshe. Mai gidan da ke Jamus ko Holan ba ya jin Hausa. Idan wani ya kai ƙarar rubutunka, da fassarar na'ura zai yi hukunci, kuma ka san yadda na'ura ke yi da habaici da karin magana. Ka gaya masa tun farko cewa zaurenku da Hausa zai gudana, kuma kuna da masu kula da shi da za su amsa ƙorafi. Idan ya nuna bai sake da hakan ba, ku nemi wani gidan tun ba a yi nisa ba. Mastodon da Lemmy duk suna ba da damar sa wa rubutu alamar harshe, Hausa na cikin jerin. A saitin Lemmy dai a yi hattara: wanda ya zaɓi Hausa kaɗai ya cire zaɓin farko na rubutun da ba a tantance harshensa ba, zai ga kusan komai ya ɓace masa. Na biyu kuma dokokin gida. Wasu gidaje na barin hotunan tsiraici, da yawa kuma suna da tsauraran dokoki kan yadda ake magana game da jinsi da auratayya, waɗanda ke iya bambanta da abin da kuka saba. Ku karanta dokokin tare, ku malamai ne, ku ga ko za ku iya zama a ƙarƙashinsu da zuciya ɗaya. Shiga gidan mutum sannan a yi ta jayayya da dokarsa ba ya haifar da ɗa mai ido.

Idan zama bai yi daɗi ba, ana tashi, amma ka san abin da ke binka da abin da ba ya bi. A Mastodon, idan ka buɗe sabon asusu a wani gida ka haɗa shi da tsohon, mabiyanka za su koma da kansu, jerin waɗanda kake bi kuma ka sauke shi ka ɗora a can. Tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa tashi, kuma sai bayan kwana 30 za ka iya sake wata ƙaurar. Wannan duk sai tsohon gidan na raye, shi ya sa sanarwar wata ukun nan ke da muhimmanci. A Lemmy saitinka da jerin zaurukanka kake ɗauka, shi kansa zauren a gidan da aka buɗe shi yake zaune. Idan gidan ya mutu, kwafin tsofaffin tattaunawa zai rage a wasu gidaje, amma zauren ya daina numfashi.

Wannan ne ke sa wasu su ce to mu gina namu. Ina goyon bayan haka ga ƙungiya irin taku, amma ba a watan farko ba. Na riƙe ƙaramin gida na tsofaffin abokan karatunmu, kuɗin hayar uwar garke bai taɓa zama babbar matsala ba, 'yan daloli ne a wata, sai kuɗin sunan adireshi a shekara, wanda ana iya yin na .ng ta hannun dillalan da hukumar NiRA mai kula da sunayen .ng ta amince da su. Abin da ke cin mutum shi ne kulawa. Na sha idar da sallar asuba in buɗe kwamfuta in tarar ma'ajiya ta cika da hotunan da gidan ya kwaso daga wasu gidaje, shafin ya ƙi buɗewa, saƙonni na jirana a waya. A Fabrairun 2024 masu watsa saƙonnin banza suka bi ƙananan gidajen da suka bar rajista a buɗe, suka yi ta buɗe asusun bogi suna damun jama'a da su, tun daga lokacin ban sake barin kowa ya shiga ba sai na amince da hannuna. Ga sabunta manhaja duk lokacin da aka gano ɓaraka, ga sasanta mutum biyu da ka san su tun kuna yara. Ga kuma doka: wanda ke riƙe da bayanan mutane a Najeriya yana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma tana aiki kan abin da aka wallafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai kun samu aƙalla mutum biyu masu sanin aikin, da asusun da kowa ke zuba wani abu a wata, sannan ku fara. Sunan adireshin kuma ku zaɓe shi da natsuwa ku riƙa sabunta shi kan lokaci, domin shi ba a canza shi, in ya kuɓuce gidan ya kuɓuce.

Za ka ji ana ambaton Bluesky da Threads. Bluesky ya buɗe wa kowa ƙofa a Fabrairun 2024, yana da tasa ƙa'idar daban, kuma mafi yawan masu asusu a gidan kamfanin suke. Threads na Meta ne, kamfanin da ke da Facebook, ya ɗan buɗe taga zuwa Fediverse, amma mai gidan bai canza ba. Dukansu don bin mutane aka yi su, ba za su maye muku gurbin zaure ba.

Da ni ne kai, Malam, ba zan goge tsohon zauren ba, kada a saki reshe a kama ganye. Zan zaɓi mutum goma zuwa goma sha biyar cikin waɗanda suka fi yin rubutu, mu buɗe asusu a gida ɗaya a rana ɗaya, in ya yiwu muna zaune wuri ɗaya a ɗakin malamai don wanda ya maƙale a kama masa. A sa musu manhajar waya mai sauƙi, irin Jerboa ko Voyager, a kuma gaya musu adireshin gida nasu ne su rubuta shi kamar yadda suke rubuta lambar waya. Mu yi mako biyu muna zuba darussa mafiya amfani daga cikin waɗanda aka sauke, tare da neman izinin waɗanda suka rubuta su, ta yadda wanda ya shigo daga baya zai tarar da abin karantawa. Sannan a liƙa sanarwa a saman tsohon zauren da adireshin sabon, duk wani sabon darasi a fara sa shi a can, a kawo mahaɗinsa kawai nan. A naɗa masu kula da sabon zauren aƙalla uku tun ranar farko, ɗaya daga ciki asusunsa a wani gidan daban. Bayan zango ɗaya na karatu ku zauna ku ƙirga waɗanda suka koma da waɗanda suka rage, ku tambayi waɗanda suka rage abin da ya hana su, sannan ku yanke shawara kan rufe tsohon da kuma batun gina naku gidan.